Jan Jak na Mainasara da Turmin Hajara

Akwai mutum ɗaya a Yako da in na hango shi tafe nakan tsallaka ɗaya gefen hanya. Ba shi nake tsoro ba, bakina nake tsoro, kada ya jawo mini mari. Sunansa na yanka Jibril, amma in ka kira shi da shi sai ya yi kamar da garu kake magana. Mainasara yake so a ce da shi. Ba uwarsa ce ta sa masa ba, ba kakarsa ba, ba maroƙi ba. Shi ya zauna ya raɗa wa kansa, ko tunkiya bai yanka ba.

Wan mijin yayata Hajara ne. A kakar gyaɗar bara saura ƙiris ya sa ta takaba, da rana tsaka, a ƙofar gidansu, mutanen kasuwa suna kallo. Har yau bai ce mata sannu ba, kuma yana bin tasha-tasha yana ba da labarin a juye. Ni Bala aji uku na yi a elementare, malamai suka gaji da ni na gaji da su, amma ɗan abin da na tsinto ya isa in rubuta yadda aka yi.

Ubansu manomi ne, dawa da gyaɗa. 'Ya'ya maza biyu Allah ya ba shi: Mainasara babba, sai Mamman, mijin yayata. Tsofaffin Yako sun ce tun suna yara haka abin yake. In an doshi gona ciwon ciki ya kama Mainasara, in an sauke tuwo ya sake shi. Mamman ya nome rabonsa, ya nome na wansa, in uban ya taho dubawa Mainasara ya miƙe daga gindin ɗorawa ya shafa ƙasa a goshi yana nishi. Mamman bai taɓa faɗa ba. A gidansu ƙane ba ya ɗaga ido ya dubi wa, balle ya ce masa a'a. Haka aka rene su, kuma Mainasara ya gano amfanin wannan tarbiyya tun kafin a yi masa kaciya.

Da aka yi babban yaƙin Turawa ya shiga soja. Ya dawo da takalmi mai ƙusa, da tabo a ƙwauri, da labarin yaƙin Bama, ƙasar nan ta ƙetaren teku, wanda kullum ƙara girma yake kamar kabewa a juji. A bakinsa, shi ya tuƙa mota ya ƙetare kogi ba gada, harsashi na zuba kamar ƙanƙara. Sai dai akwai Maikano, wani direba ɗan Bebeji, gajere mai baƙin baki, wanda suka zauna bariki ɗaya. Shi ya ce Jibril ko teku bai gani ba, a Zariya ya ƙare yaƙinsa yana wankin motoci, tabon kuwa karen kuku ne ya kama shi yana leƙen tukunya. Tun daga nan ko gaisuwa suka yi sai ka tsinci zagi a ciki.

Bayan soja su biyun suka sami aikin tuƙi a wani kamfanin kuza a Riruwai. Can jak ya shigo labarin. Baturen da ke kula da motocin kamfanin zai koma gida, aka yi gwanjon tarkacensa, a ciki har da jak guda biyu. Ɗaya baƙi ne, mummuna, gajere, duk maiƙo, irin wanda ake murɗawa da sandar ƙarfe a ɗaga lori. In kana murɗa shi sai ka jiƙe da gumi kafin taya ta bar ƙasa. Ɗayan kuwa ja ne wur, dogo, kwance a ƙasa kamar kada, da 'yan tayoyinsa na ƙarfe da dogon hannu. Tura shi ake yi ƙarƙashin mota, a yi ta danna hannun, sai bakinsa ya tashi a hankali da ƙarfin man da ke cikinsa. Baturen ƙaramar motarsa yake ɗagawa da shi, a gareji mai daɓen siminti sumul.

Mainasara ya riga kowa kai hannu, don ya fi kowa iya tura ƙirji. Ko duban baƙin bai yi ba.

Maikano ya ce, "Kai Jibril, lori kake shirin saye ko motar kai amarya? Wannan na ƙaramar mota ne, kuma na kan siminti. Ina ka ga siminti tsakanin nan da Kano?"

"Hassada ce ke cinka," in ji Mainasara. "Ɗauki baƙin, kun yi kama."

Maikano ya ɗauki baƙin, ya haɗa da wani faffaɗan katako mai kauri da ba wanda ya taya.

Ba a daɗe ba ubansu ya rasu. Mainasara ya kaɗa shanun gidan kasuwa, ya dawo da tsohuwar lori mai tari kamar ta sha taba. Ya tsaya a zaure ya ce da Mamman ya ajiye fartanya, daga yau shi ne yaron mota. Mutum da gemunsa da 'ya'yansa! Mamman ya ce, "To, Yaya."

Shi ke juya hannun tayar da inji har kafaɗa ta yi tsami. Shi ke ɗebo ruwa a rafi in mota ta yi zafi. Shi ke dirowa a kan tudu ya cusa waigi, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi kada mota ta koma da baya. A hawan Doguwa waigin ya taɓa cinye masa kan ɗan yatsa, Mainasara ya leƙo ta taga ya ce ya yi sauri, jini ba ya hana tafiya. In an tashi, Mamman a saman kaya yake zama, rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi. A gaban mota kuwa, kusa da direba, jan jak ne a kishingiɗe, naɗe da bargo. Wallahi ba ƙari na yi ba. Ran Juma'a kafin ya wanke jikinsa sai ya wanke jak. Matan da ya aura ba wadda ta daɗe, kuma ɗaya ta gaya wa yayata cewa da ta sami rabin kulawar da ƙarfen nan ke samu, da ba ta tafi ba.

Hajara kuwa duk ranar da motar ta yi latti ba ta iya cin abinci. Ta sha roƙon mijinta ya koma gona. Amsarsa ɗaya ce: "Wana ne. Shi ne uba yanzu."

Sau ɗaya jan jak ya taɓa yin aikin kirki. A Tudun Wada ne, a kan simintin ma'aunin gyaɗa, ƙaramar motar wani ɗan kasuwa ta yi faci. Mainasara ya tura jak, ya danna da hannu ɗaya yana taunar goro, motar ta tashi kamar an kira sunanta. Jama'a suka ce, "Kai!" To wannan "kai" ɗin ita ta ƙarasa lalata shi. Daga ranar ya ce jak ɗinsa ko jirgin ƙasa zai ɗaga. Da man cikinsa ya ragu, maimakon ya nemi irin nasa a Kano, sai ya aika gidan masu ƙuli-ƙuli aka auno masa man gyaɗa ya ɗura. Ya ce mai ai mai ne.

Akwai ɗan farantin tagulla manne a jikin jak ɗin, da rubutu a kai. Wata rana na tsuguna na harhaɗa baƙaƙen, na ce, "Yaya Mainasara, nan an ce tan ɗaya da rabi. Motarka in an yi mata lodi ai ta ninka haka ba sau ɗaya ba."

"Nauyin jak ɗin ke nan shi kansa, jahili."

"To ashe Mamman ƙato ne, tunda a kafaɗa yake sauko da shi."

Ya jefe ni da sifana. Bai same ni ba. Na ji an ce a Bama ma haka saitinsa yake.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Yako ce. An yi wa lorin lodin buhunan gyaɗa har sun fi katakon jikinta tsawo, za a kai Kano. Ko fita gari ba ta yi ba tayar baya ta hagu, ta cikin, ta fashe, sandar birkin gefen kuma ta zare tana jan ƙasa. Ga fako nan fetal a bayan kasuwa, shimfiɗaɗɗe, mai tauri kamar dutse. Mainasara ya ƙi. Ya lallaɓa da ita har ƙofar gidansu, gindin ceɗiya, jikin katanga, inda duk mai shiga kasuwa sai ya bi ta gabansa. Inuwa yake so da 'yan kallo.

Wurin a ido busasshe ne. Amma nan rariyar gidan ke fitowa ta ƙarƙashin katanga. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, ƙasarin gero, duk nan suke tsuma shekara da shekaru. Sama ta yi ɓawo kamar ƙanzo, ciki kuwa taɓo ne. Ba wanda ya san haka kamar Hajara, don ita ke zubar da ruwan kullum.

Ina tsaye wajen mai rake sai ga Maikano da lorinsa ba kaya, zai wuce Doguwa. Ya taka birki, ya leƙo.

"Jibril, me kake shirin yi da abin wasan yaran nan?"

"Wuce, kana tare mini iska."

Maikano ya diro, ya zaga motar, ya caka dunduniya a ƙasa, ya dubi ramin da ta yi. Ya ce, "Sauke kayan tukuna, ga 'yan dako can zaune suna hamma. Ka ja ta kan fako. In ka ƙi, ga katakona ka shimfiɗa, ga baƙin jak ka ɗaga da shi, ka sa waigi gaba da baya, ka tokare ta da gungume kafin kowa ya shiga. Ba don kai ba, don Mamman."

"In sauke in sake lodi, in kwana a Yako? Kai ka saba kwanan hanya."

"Kai kan kabewa, saurara. Jak mai taya in yana tashi tafiya yake yi, dole ya mirgina ya bi motar. Haka aka ƙera shi. In tayarsa ta kafe a ƙasa, bakinsa ne zai goce. Ko akuya ka yi wa bayanin nan ta gane."

Mainasara ya gyara tsayuwa. "Mu da muka yi Bama..."

"Zariya," in ji Maikano.

Jama'a suka fashe da dariya. Nan abin ya ɓaci. Mainasara ya ce ko tsinken Maikano ba zai taɓa motarsa ba, kuma duk wanda ya sa hannu a buhu ɗaya sai ya karya hannun. Maikano ya ce madalla. Ya koma ya zauna a matakin motarsa, ya ce da mai rake, "Zaɓo mini mai tsawo. Ban taɓa ganin jana'iza tun daga farkonta ba." Shi ma, ka gani, ba wani mutumin kirki ba ne. Gaskiya kawai gare shi.

Mamman ya sassauta notunan taya, ya tura jak ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Mainasara ya tura hula ƙeya, ya naɗe hannun riga, ya kama dannawa. Da farko lafiya lau. Da bakin jak ya ji nauyin gaske sai hannun ya ƙi sauka. Ya hau shi da ƙirji, ya ƙi. Ya sa aka kawo bututun ƙarfe ya zura a hannun ya ƙara masa tsawo, ya rataye a jiki kamar biri a reshe. Jak ya yi wani kuka, motar ta ɗaga da ƙyar, taya ta ɗan rabu da ƙasa. Sai wani ƙamshi ya tashi. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Wa ke tuyar ƙuli a nan?" Man gyaɗa ne ke tsattsafowa ta wuyan jak.

Aka zare tayoyin biyu aka jingine a katanga. Yanzu gefen motar nan duka, da gyaɗar da ke kai, ba abin da ke riƙe da shi sai ɗan bakin ƙarfe da bai fi tafin hannuna ba. Mainasara ya juya yana huci ya dubi Maikano.

"Ka gani?"

"Ina dai gani," in ji Maikano, ya tofar da tuƙa.

"Mamman, shiga ka mai da sandar birkin."

Mamman ya dubi jak, ya dubi ƙasa. 'Yan tayoyin gaba sun riga sun fasa ɓawon, baƙin ruwa na taruwa a gefensu. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali yadda ba kowa zai ji ba, "Yaya, da an sa gungume ko ɗaya ne."

Mainasara kuwa ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Me ka ce? Ni za ka koya wa mota? A gaban mutane? Don ka ga ubanmu ya kwanta dama shi ne ka fara?"

Ga malamai, ga dattawa, ga baƙi 'yan cin kasuwa. Ba wanda ya hana shi, don magana ce tsakanin wa da ƙane, kuma a wajenmu wanda ya tsoma baki a nan shi ake ganin rashin tarbiyyarsa. Ni na ce, "In jak ɗin ya isa, mai shi ya shiga mana." Wani dattijo ya zungure ni da sanda a haƙarƙari.

Mamman ya ce, "To, Yaya." Ya yi bisimilla, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ciki har sai tafin ƙafarsa kaɗai ake gani.

Sai muka ji wani gurnani daga zaure, gurr, gurr. Hajara ce. Ta kwantar da turminta tana mirgino shi da hannu biyu, kai ba lulluɓi, hannu duk gari. Turmin kirya ne babba, wanda uwarmu Barakatu ta ba ta ranar da aka kawo ta daga Kiru. Maza biyu ke ɗaga shi. Ashe tun farko tana kallo ta tsagar ƙyaure.

Sai ka san Hajara za ka san girman abin da ta yi. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da wan mijinta ba. In ta ji takun takalmin nan mai ƙusa a zaure sai ta shige ɗaki. In gaisuwa ta zama dole, a durƙushe take yi, fuska a gefe. Ba ta faɗin sunansa, ba ta faɗin na mijinta. Shi ma ba shi da damar yi mata magana kai tsaye, balle ya taɓa ta, don kunya ce tsakaninsu irin ta surukai. Ga ta yau a tsakiyar maza tana tura turmi.

Ta wuce ta gaban Mainasara kamar kututture ne. Ta durƙusa a gefen motar, ta tura turmin ciki, ta sa kafaɗa ta tayar da shi tsaye daidai ƙarƙashin dogon ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, kusa da kan mijinta. Tsakanin bakin turmin da ƙarfen 'yar tazara ce kaɗan. Ta ja da baya ta zauna dirshan a gaban turmin, ta ba jama'a baya.

Mainasara ya zaburo, ya tsaya a bayanta. Ba dama ya daka mata tsawa, ba dama ya janye ta. Sai ya juyo kaina.

"Bala! Gaya wa yayarka ta kwashe tarkacenta daga ƙarƙashin motata."

Na ce, "Adda," haka muke ce mata a gida, "Yaya Mainasara ya ce sannu da aiki."

"Ɗan banza, haka na ce?"

Hajara ba ta juyo ba. Ta ce, "Bala, gaya wa Yaya ƙasar nan ruwa ce. Ni ke zuba shi."

Na ce, "Ta ce ƙasar ruwa ce, jak ɗinka kuma kada ne, gida zai koma."

"Mamman!" Mainasara ya sunkuya yana ihu. "Kana ji matarka da ƙaninta na tozarta ni? Sa ƙafa ka ture turmin nan!"

Daga ƙarƙashin mota muryar Mamman ta fito. "To, Yaya. Bari in ƙarasa ɗaure wannan."

Ban taɓa jin Mamman ya ce to bai yi nan take ba sai ranar. Mainasara ma ya lura, kuma bai jira ba. Ya ga in ba zai taɓa matar ba, ai zai iya zura wani abu ta gefenta ya ture turmin daga nesa. Ya waiga neman abu mai tsawo, idonsa ya faɗa kan bututun nan da ke zure a hannun jak. Ya kama ya fizge.

Fizgar nan ita ta ƙarasa aikin. Hajara ce ta fara ganin jak ya motsa. Ta ƙwala ihu, "Mamman, fito!" Sunan mijinta, ɓaro-ɓaro, a gaban duk kasuwar Yako.

Bai sami fita ba. Tayoyin jak suka lume, bakinsa ya goce, ya yi tsalle gefe kamar jaki ya harbe shi. Motar ta rusuna ta hagu da wata ƙara da har yanzu nake jin ta a haƙorina. Buhuna suka zubo daga sama. Mata suka sa salati.

Da muka leƙa, dogon ƙarfen ya zauna daram a bakin turmin. Turmin ya tsage daga sama har kusan gindi, ya ɗan nutse a taɓo, amma yana tsaye. Mamman na kwance, ƙarfen tayoyin ya danne masa kafaɗar dama, tsakanin fuskarsa da cikin motar kuwa ko tafin hannu ba zai shiga ba. Idonsa biyu, yana kallonmu, ba ya iya magana. Turmin na ƙara, ƙas, ƙas, tsagar na buɗewa.

Maikano ya yar da rake. Ban san gajeren mutum na gudu haka ba. Ya jefa katakonsa a kan taɓon, ya dasa baƙin jak a kai, yana murɗawa yana zagi. Ya zagi Jibril, ya zagi Bama, ya zagi mu da muke tsaye. "Ku sauke buhunan, 'yan kallon banza! A hankali, kada ku girgiza ta! Kai, waigi a tayar gaba! Ku kawo itace, ko na gidan uban wa ne!" 'Yan dako suka hau, malamai ma suka naɗe riga suna karɓar buhu. Ana murɗawa ana cusa itace, ana murɗawa ana cusa itace, har ƙarfen ya saki kafaɗar. Ni da Hajara muka kama ƙafafunsa muka jawo shi waje. Da nauyi ya bar turmin sai ya rabe biyu ya kwanta, kamar dama jira yake a sallame shi.

To ina Mainasara duk wannan lokaci? Wannan da idona na gani, kuma shi ya sa nake tsallaka hanya. Yana gindin katanga a tsugune. Ya jawo jan jak daga taɓo, yana share shi da hularsa, yana shafa hannun da ya lanƙwashe. Ƙaninsa na kwance ana yi masa fifita, shi yana cewa, "Sun karya mini shi. Sun karya mini shi."

Maɗori ya zo ya ɗaure kafaɗar. Ya ce ƙashin zai haɗe, amma hannun ba zai ƙara ɗaguwa ya wuce kai ba. Ranar da Mamman ya fara iya zama, Mainasara ya tara dattawan dangi a zaure bayan la'asar. Na zaci haƙuri zai bayar, har na matso kusa in ga abin da ban taɓa gani ba. Ashe ƙara ya kawo. Ya ce turmin ne ya karkatar da motar, da ba a sa shi ba da jak bai goce ba. Ya ce matar da ta fito kai ba lulluɓi, ta mayar wa wan mijinta magana, ta kira sunan miji a kasuwa, ba ta zama a gidan ubansu. Ya ce Mamman ya sallame ta ta koma Kiru, shi kuma ya yi sauri ya warke, don gyaɗa ba ta jira.

Dattawa suka yi ta shafa gemu. Wani har ya ce lalle kiran sunan nan bai yi kyau ba. Mamman na jingine da bango, hannu a ɗaure, kai a sunkuye kamar kullum. Kowa ya san abin da zai ce. Mainasara har ya fara miƙewa yana kakkaɓe riga.

"A'a, Yaya."

Mainasara ya tsaya a rabin miƙewa, kamar mai ciwon baya. "Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ita tana nan. Motar ce na bari."

Mamman bai ko ɗaga kai ba. Mainasara ya yi ta bambami, ya kira sunan ubansu, ya kira na kakansu, ya ce duniya ta lalace tunda ƙane ke mayar wa wa magana. Ya dubi dattawa su tsawatar, kowa ya sami abin dubawa a tafin ƙafarsa. Daga cikin gida sai aka ji daka ya tashi. Hajara ce, a turmin aro, tana lugude da ƙarfi har muryar Mainasara ta ɓace a ciki.

Mamman ya koma gona. Ya koyi jan fartanya da ƙarfin hagu, dawarsa ta bana ta fi ta maƙwabta tsawo. Ya ja katanga ya raba gidan, ya fasa tasa ƙofar ta gabas. Ɓarin turmin ɗaya kaji ke shan ruwa a ciki, ɗayan ya jingine a ɗakinsa ya hana a sa a wuta. Hajara ta koma yadda take, in ta ji takalmi mai ƙusa ta shige ɗaki, sai dai yanzu ba kunya ce ke shigar da ita ba.

Mainasara yana nan yana bin hanyar Kano da Riruwai. Maƙeri ya miƙe masa hannun jan jak, yana nan a gaban mota cikin bargonsa. Yaran mota ba sa zama da shi, don labari ya riga shi zuwa kowace tasha, ba mai yarda ya shiga ƙarƙashin motarsa. A Bebeji ya ce mace ce ta kayar masa da mota. A Doguwa ya ce shi ya ɗaga ta da kafaɗa aka jawo Mamman.

Kwanan baya ina dawowa daga Tudun Wada a kan keken aro sai na ga lorinsa a gefen hanya. An ja ta kan fako. An sauke kayan tsaf an jera a ƙasa. Waigi gaba, waigi baya. Ga faffaɗan katako, ga wani baƙin jak mummuna a kai, irin na murɗawa, da buhun da ake ɓoye shi a ciki yashe a gefe. Ƙarƙashin dogon ƙarfen kuwa wani ƙaton gungumen kirya ne a tsaye, ya fi turmin Hajara kauri. Ƙafafu biyu masu takalmin ƙusa sun leƙo daga ƙarƙashin motar.

Ashe ya san komai. Da haƙarƙarinsa ne a ƙasa, ko ɗaya bai manta ba.

Na jingine keke na tsuguna. "Yaya Mainasara, sannu da aiki. Wannan gungumen fa?"

Bai leƙo ba. Can ya ce, "Itacen girki ne. Saƙo ne zan kai wa wani a Kano."

"Jikinsa har ya yi santsi da maiƙo. Mai saƙon bai gaji da jira ba?"

Sifana ta fito daga ƙarƙashin motar da gudu, ta wuce ta gefen kunnena ta faɗa cikin ciyawa. Na bar masa ita can ya fito ya nema.